Ku Bar Wa Allo Ɗigonsa, Ku Ƙara Wa Rubutu Girma

Ƙannena maza da mata, da yawanku yanzu kuna wuni a gaban allon kwamfuta, wani yana buga takardun mutane a shago, wata tana rubuta aikin kammala digiri, wani kuma yana gwajin tambayoyin JAMB, wadda tun 2015 ba a rubuta ta sai a kwamfuta. Duk da haka allon nan shi ne abin da aka fi jahilta a cikin kayan na'urar. Idan rubutu ya yi wa mutum ƙanana, sai ya shiga saiti ya ga jerin lambobi irin su 1920×1080 da 1366×768 da 1024×768, ya zaɓi ta ƙasa, komai ya kumbura, ya ce matsala ta ƙare. Wannan ɗabi'a kuskure ce, kuma ina so ku daina ta. Kowane allon zamani yana da ma'auni ɗaya tak da aka ƙera shi a kansa, kuma a kansa ya kamata ya zauna kullum. Girman rubutu wata magana ce daban, tana da nata maɓallin. Wanda ya raba waɗannan abubuwa biyu a kansa ya gama da mafi yawan wahalar allo.

Ku matso da ido dab da allo, ko ku ɗauki hotonsa da waya ku faɗaɗa, za ku ga ashe ba shimfiɗa ɗaya ba ce. Ƙananan ɗigogi ne jere a layi, waɗanda masu sana'ar ke kira fiksel, kuma kowane ɗigo ya kasu gida uku, ja da kore da shuɗi, waɗanda ake ƙara wa haske ko a rage don a fitar da kowane launi. Lambar da ake kira rezolushan ƙidayar waɗannan ɗigogi ce kawai: ta farko yawansu daga hagu zuwa dama, ta biyu daga sama zuwa ƙasa. Allo mai 1920×1080 yana da ɗigo 2,073,600. Mai 1366×768, wanda shi ne ya cika kwamfutocin cinya na gwanjo da ake samu a kasuwanninmu, yana da 1,049,088, wato kusan rabin wancan. Abin lura shi ne waɗannan ɗigogi abubuwa ne na zahiri, an dasa su a cikin gilashi tun daga masana'anta. Babu saitin da zai ƙara ɗaya ko ya cire ɗaya. Idan kun zaɓi wata lamba daban, allon bai canja ba, hoton da kwamfuta ke aika masa ne ya canja, shi kuma dole ya san yadda zai yi da shi.

Wannan ɗabi'a ta sauke lamba tana da asali, kuma a zamaninta daidai ce. Tsoffin monita masu ƙaton baya, irin akwatin talabijin na da, ba su da ƙayyadajjen jerin ɗigo irin na yanzu. Wani siririn haske ne ke sharar fuskar gilashin layi bayan layi, kuma ana iya umartarsa ya yi layuka 480 ko 600 ko 768, hoton ya fito garau a kowanne. Kamfanin IBM ya fito da ma'aunin VGA na 640×480 a 1987, ya biyo da XGA na 1024×768 a 1990, kuma mutanen da suka koyi kwamfuta a wancan lokaci sun saba da hawa da sauka tsakanin lambobin nan yadda suka ga dama. Su ne suka koyar da waɗanda suka koyar da ku. Sai dai tun da siraran allunan LCD suka kori masu ƙaton baya, dalilin ya tafi, ɗabi'ar ta zauna. Ba laifin malaman ba ne, kayan aikin ne suka sauya a hannunsu.

Ga abin da ke faruwa idan aka aika wa allo mai 1920×1080 hoto mai 1280×720. Ku ɗauki mai ɗinkin hula da aka ba shi zanen da aka tsara wa gida 40, amma ƙyallen da ke hannunsa gida 60 ne, aka kuma ce ya cika shi baki da baki. Kowane ɗinki zai buƙaci gida ɗaya da rabi, alhali allura ba ta shiga rabin gida, don haka dole ya riƙa ƙiyasi, layin da ya kamata ya tsaya cak ya fito da gefe mai ruɗu. Lissafin allon ke nan daidai: 1920 a raba da 1280 ɗaya da rabi ne. Na'urar da ke cikin monita sai ta cike giɓin ta hanyar gauraya launin ɗigogin da ke maƙwabtaka, inda baƙin harafi ya haɗu da farar takarda sai a sami toka-toka. A hoton fuska ko na fim ba lallai ido ya damu ba. A rubutu kuwa illar a fili take, domin harafi siraran layuka ne, wasu faɗinsu ɗigo ɗaya ko biyu. Har ma akwai wata dabara ta Microsoft mai suna ClearType, wadda ke amfani da gidajen nan uku na ja da kore da shuɗi ɗaya bayan ɗaya don ta gyara gefen haruffa, kuma dabarar ba ta da amfani sai idan ɗigon hoto ya faɗa kan ɗigon allo daidai.

Mu masu karatu da rubutu da Hausa abin ya fi shafar mu fiye da mai karanta Turanci. Bambancin k da ƙ, ko d da ɗ, ko b da ɓ, wata 'yar lanƙwasa ce a saman harafi, wadda a rubutu matsakaici ba ta wuce 'yan ɗigogi ba. Allo mai hazo yana cinye ta, sai mai gyaran rubutu ya wuce kuskure bai gani ba, ko ya tsaya yana ƙyafta ido a kan kowace kalma. Haka abin yake ga mai karanta Larabci ko ajami, inda ɗigo ɗaya a sama ko biyu a ƙasa ke raba harafi da harafi, ga kuma wasula sirara a kansu. Ɗalibin da ke muraja'a a kwamfuta yana buƙatar kaifin allo fiye da mai kallon ƙwallo nesa ba kusa ba. Akwai kuma ɓarna ta biyu, ta siffa. Tsoffin ma'aunai kamar 1024×768 an yi su ne wa allo mai kusan murabba'i, 4 a faɗi 3 a tsayi, yawancin na yanzu kuwa 16 ne da 9. Idan aka shimfiɗa 1024×768 a kan allo mai 1366×768, komai zai ƙaru da kashi ɗaya cikin uku a faɗi ba tare da ya ƙaru a tsayi ba. Da'ira ta koma ƙwai, fuskar mutum ta baje. Mai zanen katin biki ko tambarin kamfani da ke aiki a irin wannan allo zai gyara abin da ba shi da aibi, sai an buga a takarda ya ga ya ɓata aikin da hannunsa.

Na san abin da za ku ce, kuma magana ce mai nauyi: a ma'aunin asali rubutun ya yi ƙanana, ido yana ciwo, gara babba mai hazo da ƙarami mai kaifi. Ƙorafin gaskiya ne, musamman a kwamfutar cinya mai inci 14 ko 15.6 da aka cusa wa 1920×1080. Amma ba a tilasta muku zaɓi tsakanin biyun ba. A Windows 10 da 11, ku danna maɓallin dama na linzami a fili a fuskar kwamfuta, ku zaɓi Display settings. Za ku ga akwati biyu kusa da juna. Na Display resolution ku bar shi a kan lambar da aka rubuta Recommended a gefenta, ita ce ta asali. Ɗayan, mai suna Scale, shi ne naku: ku ɗaga shi daga 100% zuwa 125% ko 150%. Bambancin hanyoyin biyu shi ne wanda ke yin aikin. Idan kun sauke lamba, kwamfuta tana zana ƙaramin harafi, monita ya ja shi ya kumbura. Idan kun ɗaga sikeli, kwamfuta da kanta ce ke sake zana harafin da girma, da ɗigogi masu yawa, kowanne a gurbinsa. Allo mai 1920×1080 a 150% yana ba ku girman rubutu daidai da na 1280×720, ba ƙari ba ragi, amma kowane harafi an gina shi da ɗigogi fiye da ninki biyu. Girman ɗaya ne, kaifin ne ya bambanta. Idan kuwa shafin intanet ɗaya ne ya dame ku, ku riƙe Ctrl ku danna alamar tarawa, shafin kaɗai zai girma. Kuma kada tsoro ya hana ku gwaji, domin idan kun zaɓi ma'aunin da allo ba zai iya nunawa ba, Windows tana komawa na baya da kanta bayan daƙiƙa 15 muddin ba ku amince da canjin ba.

Akwai inda wannan shawara take da rauni, kuma gara ku ji daga bakina. Wasu tsoffin manhajoji, irin na lissafin kuɗi ko na sarrafa firinta da aka rubuta tun zamanin da kowa ke kan 100%, ba su san sikeli ba. Windows sai ta ɗauki tagarsu kamar hoto ta faɗaɗa, su fito da hazo iri ɗaya da wanda muke gudu. To amma ku auna: a nan manhaja ɗaya ce ta yi hazo, sauran duka garau, a can kuwa komai da komai ne. Kuma sau da yawa ana iya gyara ta ita kaɗai ta hanyar shiga Properties ɗinta, ɓangaren Compatibility, inda ake sauya yadda take mu'amala da sikeli. Bai kamata a hukunta allo gaba ɗaya saboda manhaja guda ba.

Wasu kuma za su ce kwamfutarsu tsohuwa ce, suna sauke lamba ne don ta yi sauri, ko don batir ya daɗe tunda wuta ba ta zama. A aikin rubutu da lissafi da yawon intanet wannan dabara ba ta sayo komai, domin nauyin da ke jan kwamfuta a irin wannan aiki daga ƙarancin RAM ne ko tsohon faifan ajiya mai juyawa ko tarin shafuka da aka bari a buɗe. Batir kuwa, abin da ya fi cin sa a allon LCD fitilar da ke bayan gilashin ce, kuma tana ci daidai ko wace lamba kuka zaɓa. Rage haske shi ne tsimin gaske. Wuri ɗaya da na yarda a sauke ma'auni shi ne wasannin kwamfuta masu nauyi, inda dole a sake zana kowane ɗigo sau da dama a daƙiƙa. A nan 1280×720, mai ɗigo 921,600, bai kai rabin aikin 1920×1080 ba, kuma wasa mai ɗan hazo da ke tafiya sumul ya fi mai kaifi da ke tsalle-tsalle. Sai dai a cikin saitin wasan ake yin wannan, ba a Windows ba, don da an fita wasan allo ya koma yadda yake.

Kuskure na biyu kishiyar na farko ne, kuma ya fi kama matasa masu ɗan kuɗi a hannu: ɗaukar cewa babbar lamba ita ce alheri ko da yaushe. An ji 4K, wato 3840×2160, ɗigo 8,294,400, ninki huɗu na 1920×1080, sai rai ya biya. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Lambar ita kaɗai ba ta faɗin kaifi sai an haɗa ta da girman allon da kuma nisan da ake zama. Abin da ake aunawa shi ne ɗigo nawa ke cikin inci ɗaya. Ma'aunin 1920×1080 a kwamfutar cinya mai inci 15.6 yana ba da kusan 141 a inci, a monita mai inci 24 kusan 92, a mai inci 27 kusan 82, a talabijin mai inci 32 kuwa kusan 69. Lamba ɗaya ce, amma na farko sai an ɗaga masa sikeli, na biyu ya yi kusa da 96 da Windows ta ɗauka a matsayin 100%, na ƙarshe kuma idan kun ajiye shi a tebur kuna rubutu za ku riƙa ganin ɗigogin da idonku. Shi ya sa wanda ya sayi ƙaton talabijin don ya zama masa monita yakan yi mamakin yadda rubutu ya fi muni fiye da a ƙaramin allonsa. Ido ma yana da iyaka. Mai lafiyar gani yana rarrabe abu biyu ne idan tazararsu ta kai kusan kashi ɗaya cikin 60 na digiri, abin da ya gaza haka haɗewa yake yi. A kan wannan hujja Apple ta tallata iPhone 4 a 2010 da ɗigo 326 a inci, tana cewa a nisan da ake riƙe waya ido ba zai ƙara tsinkayar ɗigo ba. Monita kuwa ana zama nesa da shi fiye da ninki biyu na waya, don haka ba ya buƙatar ko kusa da wannan. A ganina, ga mai aikin ofis da karatu, 1920×1080 a inci 22 zuwa 24 ya wadatar, 2560×1440 a inci 27, mai kusan 109 a inci, ya fi daɗi, 4K kuma haƙƙin mai tace bidiyo ne da mai gyaran hoto, ko wanda aljihunsa ba zai ji ba.

Ko wanda ya sayi 4K ɗin ma, sai ya duba wayar da zai haɗa allon da kwamfuta da ita. HDMI 1.4, wadda ke jikin tsoffin kwamfutoci da yawa, tana iya tura 4K sau 30 kacal a daƙiƙa, sai ka ga kibiyar linzami tana jan ƙafa. Sai HDMI 2.0, da ta fito a 2013, ko DisplayPort 1.2, ake samun 60. Mutum na iya kashe kuɗin babban allo ya ƙare da aiki mafi wahala fiye da da, saboda ramin da ke gefen kwamfutarsa bai kai ba.

Wani lokaci kuma za ku shiga saitin ku tarar lambar asali ba ta ma cikin jerin, an tsaya a 1024×768 ko abin da ya yi kama da haka. Kada ku yanke hukunci cewa allon ne ya lalace. Dalili mafi yawa shi ne an sake loda Windows ba a sa direban katin hoto ba, wato manhajar da ke sarrafa katin, abin da ke faruwa kullum a shagunan gyara idan ana sauri. Ku buɗe Device Manager, ku duba ƙarƙashin Display adapters. Idan kun ga Microsoft Basic Display Adapter maimakon sunan Intel ko AMD ko Nvidia, to kwamfutar tana tafiya ne da direban wucin gadi, kuma maganin shi ne a sauko da na gaskiya daga shafin kamfanin da ya ƙera ta, ko a bar Windows Update ta nemo shi. Ku nemi mai gyara ya yi wannan kafin ku bar shagonsa, yana cikin aikin da kuka biya. Dalili na biyu wayar haɗi ce. Kowane monita yana ɗauke da ɗan bayani game da kansa, ana kiransa EDID, wanda yake aika wa kwamfuta ta cikin wayar, a ciki har da ma'auninsa na asali. Wayar VGA mai shuɗin kai da ta rasa fil, ko adafta mai arha, ko akwatin raba hoto zuwa allo biyu, duk suna iya tare wannan saƙo, kwamfuta ta koma zato. VGA ɗin ma sigina take turawa irin ta da, wadda dole monita ya sake mayarwa ɗigo-ɗigo, shi ya sa rubutu kan yi inuwa ko rawa a kanta. Idan ita kaɗai gare ku, ku danna maɓallin Auto da ke jikin monita ya daidaita kansa. Idan akwai ramin HDMI ko DisplayPort a ɓangarorin biyu, ku yi amfani da shi ku ajiye ta.

Masu gabatar da aiki a aji ko a taro su kula da majigi. Da yawansu 1024×768 ne ko 1280×800, kuma idan kun zaɓi a nuna abu ɗaya a allo biyu, dole kwamfuta ta nemi ma'aunin da duka biyun za su iya, sai naku ya sauka, gumaka su watse. Ku riƙe maɓallin Windows ku danna P, ku zaɓi Extend, kowane allo ya zauna a kan nasa. Talabijin kuma yakan yanke gefunan hoto, al'adar da ya gada daga zamanin eriya, har layin ƙasa na Windows ya ɓace. Gyaran yana cikin saitin girman hoto na talabijin ɗin, inda LG ke kiran zaɓin Just Scan, ba a taɓa komai a kwamfuta.

Duk wannan saboda ido nake faɗa, domin shi ne kayan aikin da ba a sayo muku sabo. Mai kallon allo yana rage ƙyaftawa ba tare da ya sani ba, ido ya bushe, ga ƙurar hunturu ga iskar fanka tana bugun fuska, kuma rubutu mai hazo yana sa shi ta ƙoƙarin daidaita abin da ba zai taɓa daidaituwa ba. Daga nan ake samun raɗaɗi da nauyin goshi da yamma. Likitocin ido suna ba da shawarar a ajiye allo kamar nisan miƙa hannu, samansa daidai da ido ko ƙasa kaɗan, haskensa kusa da na ɗakin, kuma bayan kowane minti 20 a kalli wani abu mai nisan ƙafa 20 na daƙiƙa 20. Gwajin sikeli ma da wannan ake yin sa: ku jingina a kujera, idan kuna iya karanta rubutu ba tare da miƙa wuya ba, girman ya yi, idan kuna sunkuyowa ku ƙara mataki ɗaya. Amma idan allo yana kan ma'auninsa na asali, direba na gaskiya ne, waya lafiya lau, sikeli ya kai 150%, kuma har yanzu haruffa suna haɗe muku, to ku daina zargin kwamfuta. Ku sa wani ya zauna a kujerarku ya duba. Idan shi yana gani garau, idonku ne ke neman tabarau, kuma awon gani aiki ne na ɗan lokaci kaɗan a sashen ido na babban asibitin da ke kusa da ku, ko a wurare irin su Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da asibitin ido na ECWA da ke Kano.